Itacen da Lawali Ya Kawo

Bazarar bana ta yi tsawo. Kusan mako uku ke nan hadari yana haɗowa daga gabas da la'asar, ya yi baƙi har mata su fara kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi, a koma zaman gumi. Jiya na je Tsibiri duba gona. Na zauna a gindin zaitun ɗin da ke gabas da gawonmu, na cire takalmi don in huta, yashi ya gasa mini tafin ƙafa. Wannan ƙunar ce ta mayar da ni wata bazara, shekara talatin da ɗoriya da suka wuce, lokacin da itacen nan bai kai tsawon sandar makiyayi ba, kuma saura ƙiris in kashe shi da hannuna.

Wana Lawali ne ya kawo shi. Shi ne ɗan fari a gidanmu, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ko Inna sun kama sunansa ba. Inna takan ce "mutumen", Baba kuwa "wancan" kawai yake cewa, ko da Lawali na zaune a gabansa. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san ta, amma a gidanmu ta haɗu da wani abu. Lawali ya bar gandu a shekarar da Baba ya fi bukatar hannu, ya hau motar Agadas ba da yardarsa ba, ya ɓace cikin Libiya shekara takwas. Daga nan "wancan" ɗin Baba ya ƙara nauyi.

Da sanyi ya dawo, a rame, yana wani tari da ke fitowa daga can cikin ƙirji. Kayansa jaka ɗaya ce da kwali. A cikin kwalin akwai gwangwanayen madara guda bakwai, kowanne da ɗan dashen zaitun. A gonar zaitun ya yi aiki, can kusa da teku, kuma ya gaya mini cewa a hanyar hamada, da ruwan jarkarsa ya yi ƙasa, kurɓi ɗaya yake yi ya ba su saura. A gidana ya sauka, a Sabon Gari cikin Maraɗi, don ya fi kusa da asibiti. Ni a lokacin malamin makaranta ne, mushe Isuhu, kamar yadda ake kiran malamin boko a wajenmu, sabon ango, mai ganin babu abin da ya gagari wanda ya iya karatun Faransanci.

Wata safiya yana kwance a kan tabarma, ya sa na jawo masa kwalin kusa.

"Isuhu, ko guda ya rayu ya isa," in ji shi. "Amma tsaya in gwada maka halinsu, don iccen ga ba kamar..."

Tari ya sarƙe shi. Na ce masa ya huta, ai na san komai, akwai littafin noma a makarantarmu. Ya dube ni, ya yi murmushi, ya rufe ido. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tambaya ba, kuma bayan kwana goma sha biyu muka kai shi makwancinsa a Tsibiri. Har yau in na tuna yadda na katse shi, sai in ji kunya ta rufe ni.

A zaman makoki Baba ya zauna a kan buzunsa yana amsa gaisuwa, idonsa a bushe. Inna ta yi nata kukan a bayan rumbu inda ba mai gani. Na san al'ada, amma na ji haushi. Na ce a raina tsohon nan ko mutuwa ba ta sa ya yafe ba. Da na yi masa zancen dashen, sai ya ce shi hatsi ya sani da wake, ya juya ya ci gaba da tufka igiyarsa. Na kwashe gwangwanayena, na yi rantsuwa a zuci sai na raya su bakwai ɗin ba tare da shi ba.

Shekarar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Ƙasa ta shiga siyasar jam'iyyu, kowace majalisa gardama, kowane bango da hoton wani. Ma'aikata yau yajin aiki, gobe zanga-zanga. Ranakun da makarantu suke a rufe sun fi na karatu yawa, albashi kuma ba a san ranar zuwansa ba. Ana cikin haka aka karya darajar kuɗinmu na sefa, aka wayi gari shinkafa da magani sun fi ƙarfin talaka. Damanar da ta wuce ma ba ta yi kirki ba. A gidana mun koma garin rogo da ƙuli-ƙuli, ga matata Rabi da ƙaramin ciki.

Tunda ba aji ba alli, sai na ba dashen nan duk lokacina. Surukina yana da fili a Jiratawa, cikin gonakin da ake ba ruwa ta kanal, baƙar ƙasa mai laka inda zogale da albasa da tumatir ke yin yadda suka ga dama. Na ce itacen da Allah ya ambata a cikin Alƙur'ani ai ba a kai shi jigawa, sai wuri mafi kyau. Na jera su bakwai a bakin kanal. Kullum da sassafe in hau keke in tafi, in yi musu ban ruwa har ya kwanta a gindinsu, in an saki ruwan kanal kuma in buɗe musu hanya su ƙara. Na samo takin zamani irin wanda ake shigowa da shi daga Najeriya, ina zuba wa kowanne cikin tafi. Surukina ya taɓa cewa, "Mushe, anya ba ka cika musu ciki ba?" Na yi masa dogon bayani, ina sirka Faransanci, har ya ƙyale ni.

Azumi ya kama, zafi ya fara shigowa. Ganyen na farko ya yi rawaya ya zube. Na ce ƙishirwa ce, na ƙara ruwa. Ina azumi, leɓena a tsattsage, ina ɗibar ruwa da bokiti ina juye musu, ina jin kamar lada nake tarawa. Kafin ƙaramar salla uku sun tafi. Da rana ta buɗe sosai, wasu uku suka bi su. Na tuge ɗaya don in gani, sai ga saiwar baƙa, ta yi laushi, tana wari irin na rogon da ya daɗe cikin ruwa. Ko a nan ban gane ba, na ɗora laifin a kan tsutsa. Saura guda ɗaya, na can ƙarshen layi inda ƙasa ta ɗan yi tudu, shi ma ganyensa ana iya ƙirgawa da yatsu.

Yunwa ce ta kai ni Tsibiri, ba neman shawara ba. Ma'aikacin gwamnati guda, na ɗaure buhu a bayan keke na tafi roƙon hatsi wurin iyayena. Baba ya miƙe. Ya kafa tsani ya shiga rumbu, na ji motsinsa can ƙasa, na gane abin da ya rage ba shi da yawa. Ya miƙo dami ɗaya, ya bar na iri a rataye. Inna tana sussuka mini a tsakar gida, sai ta tambaya ba tare da ta ɗago kai ba.

"Ina labarin itatuwan mutumen?"

"Saura guda, Inna. Shi ma sai addu'a."

Taɓarya ta tsaya a hannunta. Na zaro wani ɗan reshe da ya karye, wanda na sa a aljihu, na nuna mata. Baba yana gefe yana gyaran ƙotar hauya, ya ba mu baya. Ban yi zaton yana ji ba, sai na ga ya miƙo hannu.

"Ba ni in gani."

Ya murza ganyen, ya juya bayansa, ya kai hanci, ya ɗan ciza ya tofar.

"Ina kas sa shi?"

"Jiratawa, Baba, bakin kanal."

"Kana ba shi ruwa?"

"Kullum. Wata rana sau biyu."

Ya daɗe yana kallona, irin kallon da yake yi wa akuyar da ta shiga gonar maƙwabci.

"Kai da kay yi karatun lakwal, buɗe ido ka dubi ganyen ga. Ƙarami, mai kauri, bayanshi hwari kamar an barbaɗa toka. Ka taɓa ganin iccen hwadama da ganye haka? Wanga dangin aduwa na, iccen tudu na. Ka ɗauki raƙumi ka ɗaure cikin tabki, kana mamakin ya ƙi lahiya."

Na fara cewa ai a littafi ba haka aka ce ba. Ya tashi ya shige ɗaki. Washegari bayan sallar asuba na ji yana ɗaura wa jaki amalanke.

Daga Tsibiri zuwa Jiratawa sai an ratsa Maraɗi. Muka shiga gari hantsi ya ɗaga, muka ci karo da jerin masu zanga-zanga, abokan aikina a ciki, suna ɗaga kwalaye. Na sunkuyar da kai kada su ga mushe a bayan jaki. Baba ko waiwaye bai yi ba. Ya tsaya suka wuce, ya kaɗa jakinsa muka ci gaba.

Da muka isa ya tsuguna gaban ɗan itacen ya daɗe. Wannan ne karo na farko da ya ga abin da ɗansa ya ɗauko daga bayan hamada. Ya kankare ɓawon da farce, kore ya bayyana. "Da sauran rai," ya ce. Ya tona gindin da hannu, ya damƙo laka ya matse, ruwa ya tsattsafo ta tsakanin yatsunsa, ya nuna mini. Ya tsince ƙwayoyin takin da ba su narke ba ya watsar. Sai ya zaro wuƙa ya fara datse rassan.

Na kama hannunsa. Ban taɓa yin haka ba a rayuwata.

"Baba, ɗan ganyen da ya rage ke nan!"

"Sake ni. Saiwa ta ruɓe rabi, da mi za ta ɗauki kai? In ka bar mishi ganye, ganyen za ya shanye shi."

Na sake shi. Ya mayar da itacen sanda mai ƙaho biyu. Ya haƙo shi da ƙasarsa, ya yanke duk saiwar da ta yi baƙi, ya shafe wurin da tokar da ya ƙullo daga murhun Inna, ya naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Surukina ya ce dashe a tsakiyar bazara ai kasada ce. Baba ya ce haka ne, amma in damana ta iske shi cikin lakar nan ba sauran kasada, mutuwa ce kawai.

A gonarmu ta tudu akwai wani tsohon gawo da kakanmu ya hana a sare. Baba ya auna taku goma gabas da shi, ya ce a nan. Sai daga baya na gane dabararsa. Gawo da rani yake ganye, don haka in rana ta karkata, lokacin da ta fi cizo, inuwarsa za ta faɗo kan dashen. Da damana kuma ya kaɗe ganyensa, ya bar wa na ƙasa haske, ganyen ya zama taki. Nan ne kuma Fulani suka yi zango da shanunsu rani biyu da suka wuce, kashin ya riga ya huce ya koma ƙasa.

Muka haƙa rami har cinya. Ya cakuɗa yashi da takin awaki wanda ya shekara, ya ce sabo ƙuna gare shi, daidai da nawa na buhu. Muna cikin aiki sai ga Inna tafe da tulunta a ka, tsohon tulun da take sanyaya ruwa a ɗakinta, wanda kullum jikinsa ke raɓa. Ba wanda ya aike ta. Ta ajiye, ta koma gefe ta zauna. Baba ya binne tulun har wuya, kamu ɗaya daga itacen, ya cika shi da ruwa, ya rufe bakin da sakaina. Ya ce ƙasa za ta tsotsa gwargwadon ƙishirwarta, saiwa kuma ta bi sanyi ta nutsa da kanta. Muka kewaye wurin da ƙayar magarya saboda awaki. Ya zuba toka a gindi, sa'an nan ya watsa karan hatsi can nesa kaɗan, wai a ba gara abincinta kada ta nemi na wani.

"Kwana huɗu-huɗu za a cika tulu," ya ce. "Ni za ni cika. Kai kar ka taɓa."

Na zauna Tsibiri, tunda makaranta ba ranar buɗewa, Rabi kuma ta tafi gidansu a Jiratawa. Zafin shekarar ban manta shi ba. Tun hantsi iska take zama kamar hucin murhu, kaji su buɗe baki a ƙarƙashin rumbu, ƙarfen keke ba ya taɓuwa. Rijiya ta ja baya, sai an ƙara igiya, ruwan ya fito ja da yashi, a bar shi ya kwanta. Fura sau ɗaya da rana, ruwa-ruwa, ba nono. Da yamma tuwo in an samu, in ba a samu ba busasshiyar tafasa da ɗan ƙuli. Inna ta daina cika ludayinta, tana cewa zafi ne ya hana ta sha. Da safe muna sassabe. Ni in na ga tsiron sabara ko kalgo sai in kai masa gatari, Baba ya hana ni, ya zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture ya bar su, ya ce su ne masu tare iska kada ta rufe shuka da yashi. Da muka gama muka yi binne, yana gaba da sungumi, ina biye ina jefa iri a busasshen rami ina rufewa da diddige, muna jiran ruwan da ba mu ga alamarsa ba.

Duk kwana huɗu, tsoho mai shekara kusan saba'in ya saɓa tulu daga rijiya har gona. Ba ya yarda in karɓe shi. Sandar kuwa tana nan sanda. Masu wucewa suna tsokanata, wai mushe ya shuka ƙotar fartanya yana jiran ta yi ƴaƴa. Aka yi kwana ashirin, aka yi talatin. Wata rana da tsakar rana na leƙa, na ga yashin gindinsa a bushe ƙayau, zuciyata ta kasa ɗauka. Na tsallake ƙaya na juye masa ruwan gorata duka.

Da la'asar Baba ya zagaya wurin ya dawo. Ina zaune a gindin gawo ya tsaya a kaina. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

"Wa ya ba shi ruwa?"

Ya dubi gorata da ke gefena, babu ko ɗigo a ciki.

"Kak kashe shida, ban ce maka komi ba. Ka bar mini wanga. Shi kaɗai gare ni."

Sai a lokacin na gane abin da na kasa gani tun ranar makoki. Na ji kunya, na ji tausayinsa, na rasa inda zan sa idona. Daga ranar ban sake tsallake ƙayar nan ba.

Ruwan farko ya zo wata Laraba bayan azahar. Iska ce ta fara, mai ƙarfi, tana yaye jinkar bukkoki, sai ta yi sanyi farat ɗaya, ɗigo ya fara sauka manya-manya. Ƙamshin ƙasa ya cika gari. Inna ta jera duk ƙwaryar da ta mallaka a bakin indararo. Muka tsaya a zaure ni da Baba muna kallo, ba abin da ke fita bakinmu sai hamdala. Bayan kwana huɗu hatsin da muka binne ya huda ƙasa layi-layi. Sandar ba ta motsa ba. Aka sake ruwa, aka kuma sakewa, ciyawa ta fara rufe gona, na fara koya wa zuciyata haƙuri.

Ranar da za mu fara noman fari na makara. Na iso gona da hauya a kafaɗa rana ta ɗan fito, na hango Baba tsugune cikin shingen ƙaya, ya ba ni baya. Na matso a hankali. A jikin ƙahon sandar, ƙasa kaɗan da inda wuƙa ta yanka, ga ƴan tofo guda uku, kowanne bai fi ƙwayar dawa ba, kore mai hasken toka. Baba ya kai yatsa kamar zai taɓa, ya fasa. Ya san ina tsaye, don inuwata ta faɗo gabansa.

"Da Lawali ya gani," in ji shi.

Shekarata talatin da biyu a duniya ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba, kuma ban sake ji ba har ya koma ga Allah. Na tsaya da hauya a kafaɗa ina hawaye. Shi kuwa ya goge fuska da hannun riga, ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ce rana tana yi, mu kama aiki.

Damanar ta yi ruwa har ya yi yawa. Gulbi ya cika ya fantsama, bakin kanal ɗin da na jera dashen ya yi kwanaki a ƙarƙashin ruwa. A tudu kuwa yashi ya shanye nasa, zaitun ya yi reshe huɗu kafin kaka.

Yanzu ya fi ɗaki tsawo. Ba zan yi ƙarya ba, ba ya ƴaƴa sai shekarar da sanyi ya yi tsanani, ita ma abin da bai cika ƙwarya ba. Ƙasarmu ba tasa ba ce, haƙuri yake yi da mu. Ban sake sa masa takin buhu ba, bai kuma san maganin feshi ba. Tulun Inna yana nan a ƙasa, saiwa ta fasa shi ta shige. Ƴan shekarun nan samari masu karatun noma sukan zo a kan babur, su ɗauki hotonsa da waya, su tambaye ni wace dabara ce. In gaya musu gawo da tulu da toka da tsohon taki, su rubuta, su ce abin da ake koya musu ke nan yanzu, har da sunansa na Faransanci. Nakan ce madalla.

A kakar waccan shekarar Rabi ta haihu, namiji, ɗanmu na fari. Ranar suna liman ya sunkuyo ya tambayi Baba, Baba ya ce a sa masa sunan mai itacen nan. Tun daga ranar ni ma bakina ya rufu. Yaron ya girma, yana da nasa iyali a Maraɗi. In zan kira shi sai in ce "kai", in ina zancensa in ce "wancan". Jiya a gindin zaitun, ba kowa a gona sai ni da hadarin da ya ƙi sauka, na gwada faɗin sunan a fili, ya ƙi fitowa. Shi ya sa da na dawo gida na ɗauki alƙalami. A takarda kaɗai nake iya kiran wana da sunansa.